Abin da Ya Faɗa Silinda Ta Uku

Ranar wata Talata, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, wani ɗan ƙarfe ya suɓuce mini ya faɗa cikin injin motar Likita. Na ji faɗuwarsa da kunnena. Na ɗauki fulogi na ɗaure a kansa, na rufe bonet, na je na wanke hannu.

Shekarata talatin da huɗu ina gyaran mota kafin wannan ranar. A layinmu Injiniya ake ce mini, saboda na yi makarantar koyon sana'a, kuma ina da kabad cike da littattafan injuna a bayan gareji, waɗanda ni da ɓeraye kaɗai muke amfana da su. Abokin aikina ƙanin matata ne. Auta ake kiransa, ko da yake ya ba hamsin baya har ya yi jika. Yayarsa ce ta kawo mini shi da kanta shekara ashirin da shida da suka wuce, ta ce karatu ya gagare shi, in gwada ko ƙarfe zai ji maganarsa. Ƙarfe kuwa ya ji. Ban taɓa faɗa masa haka ba. Abin da nake faɗa masa shi ne, wanda bai iya karanta littafin inji ba lalube yake yi, ba gyara ba. Shi kuma Farfesa yake ce mini in yana jin tsokana, Yaya in maganar ta gaske ce. Da matata ta rasu, shekara uku kafin wannan Talatar, mutane sun zaci za mu raba gari. Mu ma mun zaci haka. Sai dai jak ɗaya gare mu, babu wanda ya san yadda ake raba shi biyu, muka ci gaba.

Dokoki biyu ne a garejina, ni na kafa su, na kuma ishi kowa da su. Ta farko, in ka cire fulogi, ka toshe ramin da tsumma kafin ka ɗaga kai, domin ramin nan kai tsaye yake zuwa cikin silinda, inda fistin ke hawa da sauka. Ta biyu, duk abin da aka cire wa mota a zuba shi a leda a miƙa wa mai ita, ya gani da idonsa cewa an canza. Da wannan ledar na yi suna. Akwai masu tsallake gareji biyar su zo wurina saboda ita.

Abin da ba wanda ya sani, ko kuma na ɗauka ba wanda ya sani, shi ne hannuna na dama ya yi wata biyar yana rawa. Da kofin shayi ya fara, yana ƙwanƙwasa mini haƙora. Na karanta duk abin da na samu a kan rawar hannu, na zaɓi bayanin da ya fi yi mini daɗi, wato gajiya. Na koyi sa hannu a aljihu in ina magana da masu mota. Na koyi aiken Auta kasuwar kayan gyara duk lokacin da aiki mai son natsuwar yatsu ya zo. Tun rasuwar matata ba ni da wani abu a gida sai gado da kujera da shiru. Garejin nan ne wurin da har yanzu in na yi magana ake juyowa. Ban shirya in koma tsohon da ake ajiye wa benci a inuwa ana ce masa Baba a huta ba.

Likita ta kawo motarta da sassafe don sabis. Shekara goma sha ɗaya tana kawo mini ita. Ta ce washegari za ta yi tafiyar awa biyar zuwa wurin mahaifiyarta, ita da 'ya'yanta biyu, in duba mata komai. Na aiki Auta sayen fila, wato matatar man inji, na cire tsofaffin fulogi huɗu na zuba a kwano. Ban toshe ramukan ba. Cusa tsumma a rami huɗu aiki ne na minti ɗaya ga mai hannu, ni kuwa so nake in gama kafin Auta ya dawo ya tsaya a kaina.

A saman kowane fulogi akwai 'yar hula ta alminiyam, girmanta bai wuce ƙwayar wake ba, ita waya take kamawa. Ta sabon fulogin da ke hannuna ta yi sako-sako. Na sa yatsu biyu in ƙara murɗa ta, a daidai saman injin, abin da ko a mafarki ba zan yafe wa wani ba. Hannun ya zabura. Hular ta fita, ta buga murfin inji, ta gangara kamar an kira ta da suna, ta shige rami na uku. Ƙarar da ta yi a kan fistin ba ta fi ta digon ruwa a bokiti ba.

Na tsaya. Na san abin da ya kamata in yi, domin na koya wa mutane da yawa. Na kuma san ba zan iya ba da wannan hannun. Sai in jira Auta, in ce masa ga abin da na yi, ya tambaye ni ina tsumma, ya kalli hannuna.

Sai karatu ya kawo mini ɗauki. Na tuna na taɓa gani a rubuce cewa alminiyam ƙarfe ne mai laushi, wani lokaci inji yakan tauna shi ya tofar ta bututun hayaƙi ba tare da an ji komai ba. A shafin dai an ce wasu lokutan kuma yakan lanƙwasa bawul, ko ya fasa fistin, inji ya mutu a tsakiyar hanya. Wannan rabin na bar shi a shafinsa. Amfanin yawan karatu ke nan: duk abin kunyar da za ka yi, akwai layin da zai tsaya maka.

Na kwance hula daga ɗaya cikin tsofaffin fulogin da ke kwano, na ɗaura wa sabon. Na ɗaure duka huɗun, na mayar da wayoyi. Ban tada injin ba. Da Auta ya dawo ya sa fila ya zuba mai, ya ce a tada a ji, na ce a bari mai ya zauna tukuna. Ya dube ni.

"Yau kuma mai ne ke buƙatar hutu, Farfesa? Wane shafi ne wannan?"

"Shafin da ba za ka iya karantawa ba," na ce.

Ya yi dariya ya tafi ƙarƙashin wata motar.

Likita ta dawo wajen ƙarfe biyu a tasi, da farar rigarta a hannu. Mace ce mai sauri, mai magana kamar tana rubuta magani. Ta gaishe ni, ta karɓi makulli, ta shiga ta zauna. Ina tsaye hannuna a aljihu. Na ga ta sa makullin. Zan so in ce bakina ya buɗe a lokacin, amma bai buɗe ba.

Auta yana bakin benci yana zuba tsofaffin kaya a leda, kamar yadda dokata ta ce. Tsohuwar fila, fulogi ɗaya, biyu, uku. Na huɗun ya tsaya a hannunsa, don ba hula a kansa. Ya juya shi. Ya leƙa kwanon, ya leƙa ƙasa. Sannan ya ɗago ya dube ni, kallon bai fi na ƙiftawar ido ba, ya tafi da sauri ya sa hannu ta taga ya dafe makullin.

"Likita, kada ki tada."

"Lafiya?"

"Da sauran aiki. Wani ɗan abu ya faɗa mini cikin inji ɗazu, na ce zan ciro, sai na sha'afa."

Ta fito a hankali ta rufe ƙofa. "Ya faɗa maka. Ka sha'afa."

"Tsufa ne ya fara leƙo ni."

"Da na tada fa?"

"Da mun yi baƙin ciki mu duka," in ji shi. Ya buɗe bonet ya tsaya yana kallon wayoyin nan huɗu. Bai san ko wane rami ba ne. Ni kaɗai na sani. Bai juyo ba ya ce, "Yaya, kai da ka san halin injunan nan, a ganinka wanne zan fara dubawa?"

Na ji muryata tana cewa, da irin natsuwar da nake koyarwa da ita, "A irin wannan injin, abu ya fi gangarawa na uku."

"Na uku," ya ce. "Ilimi dai da daɗi."

Ya cire fulogin. Ramin baƙi ƙirin, faɗinsa kamar na ɗan yatsa. Tocilarmu ta mutu tun makon jiya, don haka ya ɗauko ɓallin madubin mota da muke ajiyewa, ya miƙo mini in tsaya a bakin rumfa in tare rana in jefa hasken cikin ramin. Na riƙe da hannun dama, don na hagu ba ya kai kusurwar. Hasken ya sauka a kan injin yana tsalle. Ya hau murfi, ya faɗa kan batir, ya haye goshin Auta, ya dawo. Wata biyar ina ɓoye abu a aljihu, ga shi an zana shi da rana a gaban likita.

Auta ya miƙe ya karɓe madubin daga hannuna. "Likita, taimaka ki riƙe mana wannan. Yaya nake so a wajen fuli, shi ya san yadda ake juya inji a hankali."

Ta karɓa. Ban san ko ta lura ba. Idonta yana kan agogo.

Juya fuli da dogon sifana aiki ne na kafaɗa, rawar yatsu ba ta nunawa. Na juya kaɗan kaɗan, yana leƙe da ido ɗaya, har ya ce tsaya. Fistin ya hau rabin hanya. Ya ce yana hango hular, tana kwance a gefe tana ƙyalli.

Zuwa lokacin mai faci na maƙwabtanmu ya baro tayoyinsa ya zo kallo, da mai walda a bayansa. A layinmu in aka buɗe bonet aka yi shiru, kowa ya san akwai labari.

"A sa mayen ƙarfe mana," in ji mai faci.

"Ba ya kama alminiyam," Auta ya ce.

"To me ya kai alminiyam ciki?"

"Ni na kai shi. Ko kana da wata tambayar?"

"A'a. Na dai zaci makaniki ne maƙwabcina, ashe manomi ne. Har ka fara shuka a inji."

Suka yi dariya. Auta ma ya yi. Ya samo siririyar waya ya lanƙwasa bakinta, ya dangwalo giris, ya zura. Ya daɗe yana lalube, kansa a karkace, idonsa a rufe, kamar mai sauraron magana ta bayan bango. Ya zaro. Baƙin gawayi ne kawai a jikin giris ɗin. Ya goge ya sake. Sau bakwai ko takwas. A na ƙarshe ya ce ya taɓa ta amma ta ƙara matsawa gefe, inda waya ba ta kaiwa da kyau.

Likita ta ce, "In ba ta fito ba fa?"

Ni ta tambaya, ba shi ba. Na ce sai a sauke kan injin gaba ɗaya, aikin kwana biyu, in an samu gasket, shimfiɗar da ake sa masa a ƙarƙashi.

"Gobe da asuba zan kama hanya, Injiniya. Mahaifiyata ba ta da lafiya."

"Za ta fito," in ji Auta.

Ya shiga bayan gareji ya dawo da siririn tiyo, irin na ruwan wanke gilashi. Ya yanke kamar kamu biyu, ya hura ya fitar da ƙura, ya shafa giris a bakinsa ɗaya, ya zura cikin ramin. Ɗaya bakin ya sa a nasa bakin. Dabarar ita ce ya lalubo hular da bakin tiyon, ya zuƙa har ta manne, sannan ya jawo ta sama ba tare da ya saki numfashi ba. Babu wannan a ko ɗaya cikin littattafaina. Na duba daga baya.

Zuƙar farko gawayi da ɗanyen fetur ya sha. Ya juya ya tofar, ya yi tari har idonsa ya kawo ruwa. Mutum ne mai tari dama, tun shekarun da ya yi yana kwana a ɗakin fenti. Ya goge baki da bayan hannu ya koma. Na ga kumatunsa sun lotsa, jijiyar wuyansa ta tashi. Ya fara jan tiyon sama da yatsu biyu, a hankali, a hankali. Saura kaɗan ta fito, numfashinsa ya ƙare. Muka ji 'yar ƙarar nan a kan fistin.

"Ta koma gida," in ji mai faci.

Sau biyu haka ta faru. Ya dafa motar da hannu biyu yana mayar da numfashi, leɓɓansa baƙi kamar ya ci toka. Ina tsaye taku biyu daga gare shi da sifana a hannu. Ya ɗago ya ce in ƙara hawo da fistin kaɗan, yadda tafiyar za ta ragu. Na juya. Ya fitar da duk iskar da ke ƙirjinsa, ya kama tiyon, ya zuƙa. Wannan karon bai yi a hankali ba. Ya fizgo shi lokaci ɗaya, hular tana manne a bakinsa, ta faɗo a tafin hannunsa.

Mai walda ya tafa. Auta ya zauna a kan taya yana haki.

Likita ta ajiye madubin ta dubi abin da ke hannunsa. "Wannan ɗan abin zai iya kashe inji?"

Na ce zai iya.

"A kan hanya. Da yara a baya." Ta juya wurin Auta. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce a wurin aikinta in aka manta abu a cikin mutum ba a kiransa mantuwa. Ta ce shekara goma sha ɗaya tana barin motarta a nan ta tafi hankalinta kwance saboda mutum ɗaya, kuma daga yau ba ta yarda wani hannu ya taɓa ta ba sai na Injiniya. Sannan ta dube ni, mai faci ya dube ni, mai walda ya dube ni. Jira suke babba ya yi magana.

Na yi magana. Wannan ne wurin da nake so a karanta da kyau. Ban yi shiru ba, wanda da ya isa abin kunya. Na gyara murya na ce wa Auta, sau nawa zan faɗa maka, in ka cire fulogi ka toshe rami. Na ce tsumma ba ya tsada. Na ce aiki ba ƙarfin hannu ba ne kaɗai, tsari ne, kuma tsari ba ya zama a kan da bai saba da karatu ba. Jimlolin suna fitowa sumul, don na daɗe ina amfani da su. Har wani ɗan daɗi na ji a wajen ta ƙarshe, yadda ta zauna.

Auta yana zaune a kan tayarsa, baƙin giris har haɓa. Ya saurara har na gama.

"Na ji, Yaya," ya ce. "Ba za a sake ba."

Ya tashi ya ɗaure fulogin, ya tada motar. Injin ya kama lafiya lau. Ya kai wa Likita ledarta har taga, ba ta dube shi ba. Da ta tafi ya wurga hular cikin durom ɗin tarkace, ya je famfo ya daɗe yana kurkure baki. Da ya dawo sai ya tambaye ni ko in ci abinci yanzu ko sai an gama da motar mai burodi.

Labari a layinmu ba ya kwana. Kafin mako ya zagayo sunan Manomi ya bi Auta har wurin masu sayar da kayan gyara. Mai faci kullum da safe sai ya leƙo ya ce, "Manomi, bana me aka shuka?" Auta ya ce, "Noti ne, in ya yi 'ya'ya zan ba ka iri." Masu mota kuma suka fara ja na gefe suna rage murya: Injiniya, don Allah kai da kanka. Sunana bai taɓa kai inda ya kai a watannin nan ba.

Sai muka samu wani tsari, ba tare da mun taɓa zama mun tsara shi ba. Mai mota ya zo, ni zan buɗe bonet, in sa a tada, in karkata kai in saurara. Kunnena dai bai yi rawa ba. In faɗi ciwon da sunansa na littafi, in ɗora sifana a kan noti ɗaya babba. Mai mota ya tafi hankalinsa kwance. Yana shan kwana Auta zai karɓi sifanan, ni kuma in koma benci in riƙa miƙa masa kaya. In mai motar ya dawo, ni ne a gaba ina goge hannu da tsumma.

A zaman bencin nan na lura da wani abu. Duk notin da na ɗaure, ko da guda ɗaya ne na nuna wa mai mota, sai Auta ya bi ta kansa da sifana in ya ga na juya baya. Yadda yake yi, ba tare da ya duba ba, kamar mai kashe fitila in zai fita ɗaki, ya nuna mini ba ranar Talatar nan ya fara ba. Ya daɗe yana bin bayana.

Sau ɗaya na gwada. Muna cin abincin rana a bayan gareji, na ce, "Auta, maganar ranar nan."

"Wace rana?"

"Motar Likita."

"Ai ta wuce. Ka ga yadda mai burodi ya mayar da kulocinsa kuwa? Mutumin nan da ƙafa biyu yake taka shi."

Ya ba ni ƙofa, na bi ta da gudu. Na ce wa kaina ba ya son a tada maganar, kuma girmama shi ne in bar ta. Har na ji kamar na yi masa alheri.

Wata bakwai bayan haka tarin ya kwantar da shi. Ya yi kwana huɗu a gida yana cewa mura ce, a na biyar matarsa da babban ɗansa suka kai shi asibiti. Na rufe gareji, don babu abin da zan iya yi a cikinsa ni kaɗai sai saurare. Na je duba shi da rana, lokacin da ake barin 'yan dubiya. Ɗaki ne mai gado takwas, nasa na kusa da taga. An sa masa tiyon iska a hanci. Ya rame har kunnuwansa sun yi girma, ya koma kamar yayarsa a makonninta na ƙarshe, abin da ban shirya gani ba.

"Farfesa," ya ce. "Ka zo da littafin? A duba wane shafi nake."

"Kana shafin masu taurin kai."

"Wa ke buɗe shago?"

"Ba kowa."

"To masu mota sun huta da Manomi."

Matarsa ta ba ni kujera ta fita neman ruwan zafi. Muna nan sai ga Likita ta shigo zagaye, da ma'aikaciyar jinya a bayanta. Ban san a ɓangaren take ba. Ta gan ni ta yi murmushi, ta duba katin da ke jikin gadon, ta dubi mai gadon, sai ta gane shi.

"Au, mai shuka a injina ne."

"Ni ne, Likita. Ki yi mini a hankali, kada ki rama."

"Mu ba ma manta abu a cikin mutane," ta ce, tana sa masa abin sauraron ƙirji. Ta saurara ta daɗe. Fuskarta ta canza kaɗan, irin canjin da na san shi, don ni ma ina yi in na ji inji ya gama. Ta gyara masa bargo. Da za ta wuce sai ta yi masa magana da taushi, kamar mai son ta ba shi wani abu. "Na daɗe da yafe maka, ka ji. Kowa yana kuskure. Ka gode wa Allah da ya haɗa ka da maigida irin wannan, wani da tuni ya sallame ka."

Auta ya juyo da kai a kan matashi ya dube ni. Ba roƙo a kallon, ba zargi. Jira ne kawai, irin na mutumin da ya miƙa hannu a ƙarƙashin mota yana jiran a sa masa sifana. Mu uku ne a bakin gadon sai ma'aikaciyar, ba mai faci, ba masu mota, ba abin da ya rage da zan tsare, don garejin ma a rufe yake. Hannuna yana aljihu yana bugun cinyata. Na buɗe baki.

Na ce, "Likita, tagar nan ba ta yi masa iska da yawa ba?"

Ta duba ta ce a rufe rabi. Ma'aikaciyar ta rufe. Suka wuce gado na gaba. Auta ya lumshe ido, ya ce in gaida mai faci.

Na fita da niyyar gobe. Na tsara yadda zan yi: in zo da wuri, in tare ta a bakin ɗakin, in kawo ta gaban gadon. Har jimlar na shirya, na rage mata duk wani ado. Da safe ina sa takalmi ɗansa ya kira ni a waya, ya ce Allah ya yi wa Auta rasuwa.

Likita tana nan, na san ofishinta, na ma zauna a cikinsa daga baya a kan maganar hannuna. Zan iya faɗa mata ko yau. Amma ba don kunnenta aka yi jimlar ba. So nake ya ji na faɗa, a gaban wani, da bakin nan da na yi masa huɗubar tsumma: Likita, ba shi ba ne. Ni na jefa, na ji faɗuwarta, na rufe a kai, kuma ina tsaye ina kallo kika sa makulli.